Haruffa Masu Lanƙwasa a Hannun Hagu

Zakariya'u yana da ɗan shagon buga takardu kusa da tashar Madawa. Tun da kabu-kabu ya kayar da shi a hanyar Buza, hannunsa na dama ya shanye, yatsun ba su ko iya riƙe moɗa. Da ya ji sauƙi ya dawo shago, ya ce hagu ma hannu ne.

Aikin farko da ya samu na Malama Kulu ne, wata dattijuwa daga Garhanga mai koya wa manyan mata karatu. Ta kawo darussanta na Hausa, tana so a buga mata su.

Nan matsala ta taso. A da, in zai rubuta ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, da hannun dama yake danne maɓalli ɗaya, hagu ta taɓa harafin. Yanzu tazarar ta fi ƙarfin hannu guda. Sai ya buɗe tagar saituna ta ordinater, wato kwamfuta, don ya mayar da haɗin maɓallan gefen hagu.

Ya haɗa Alt da D, ya ce su zama ɗ. Ya koma kan takarda ya danna. Maimakon harafi, sai duk tagogin suka ɓuya, allo ya zama wayam.

"Innalillahi! Ɗana, ka goge mani aiki?" in ji Malama Kulu.

"A'a Inna, yana nan. Wani aiki na daban yar riga ni kama wanga maɓalli."

Ya gwada B, rubutu ya yi kauri. Ya gwada K, wani akwati ya fito yana tambayarsa abin da bai nema ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Tanimu, mai gyaran salula da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo ya ga halin da ake ciki. "Kai ko, mi za ka wahal da kanka? Buga k da d hakanan, in ka hidda takarda ka bi da biro kana lanƙwasa su."

"Ban yarda ba," Malama Kulu ta ce. "Matan nan yanzu sunka hwara gane baki daban, baƙi daban. Kwafi nawa za a bi da biro ba a yi kuskure ba?"

Zakariya'u ya koma tagar saituna ya cire aikin ɓoye tagogi daga Alt da D, tunda bai taɓa amfani da shi ba. Ya danna. Tagogin ba su ɓuya ba, amma ɗ ma bai fito ba. Can ya tuna shirin da yake buga rubutu a cikinsa shi ma yana da tasa tagar saituna, kuma can ma an ba maɓallan nan ayyuka. Ashe wuri biyu ake jayayya da shi.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai iya cirewa ya cire, wanda yake bukata ya canza masa mazauni. K ce ta ƙi, domin ta yi nisa da babban yatsansa. Ya ba ƙ maɓallin X, wanda Hausa ba ta amfani da shi, ya manna ƴar takarda a kai don kada ya manta.

Bayan la'asar ya rubuta layin farko: "Ɗiyata ta ɗebo ruwa a ƙorama." Haruffan duk suka fito da lanƙwasarsu.

Ya fitar da shafin ya miƙa mata. Malama Kulu ta gyara tabarau, ta bi layin da yatsa har ƙarshe.

"Ya yi. Sai dai manyanta rubutun, idanun ɗalibaina sun tsuhwa."

"To, Inna."

Ta ce za ta kwana gidan ƙanwarta, ta dawo da safe. Shi kuwa ya jawo kujera kusa da tebur, ya buɗe darasi na biyu.