Masarar Badaru da Tarin Bilki

Tun da damina ta yi nisa Bilki take tari, ƙirjinta na ƙara kamar usur, idanunta jajur. Uwarta Naja'atu 'yar Sunke ce, ta ga yadda gubar dalma ta duwatsun zinari ta kwashe yara a garinsu, don haka hankalinta ya tafi kan ɗakin da mijinta Badaru ya garƙame da kwaɗo, wanda ke manne da ɗakin kwanansu.

"Baban Bilki, duwatsun zinari ka aje ciki?"

"Ni da haƙar zinari? Tarkace ne kawai."

"To mi ya hana ka buɗe?"

Ya saɓa fartanya ya fice.

Ta kai yarinyar asibiti a Anka. Aka auna jini, babu dalma. Naja'atu ba ta yarda ba, ta ce a sake. Malama Sahura, ma'aikaciyar lafiyar, ta tambaye ta ko ɗakinsu na warin danshi. Ta ce tana jin wani wari, amma ta ɗauka na jiƙaƙƙen dutse ne.

"Ki duba bango da bayan kaya. Hunhuna iri-iri ce, tana shiga numfashi, yara ta fi kamawa."

Da ta dawo ta janye gado. Bangon ya yi baƙi ƙirin har ƙasa, wata farar hunhuna kamar auduga ta lulluɓe takalman fata. Ta sa taɓarya ta fasa kwaɗon.

Babu dutse ko ɗaya. Buhunan masara ne jibge, ruwa ya yoyo a kansu, sun yi kore-kore da rawaya. Warin ya sa ta atishawa.

Badaru ya shigo ya tsaya. "Kunya ta hana ni faɗi. Abincin shekararmu ne. Na so in shanya in kai kasuwar Gummi."

"Wasu su ci? Malama ta ce hunhunar hatsi hanta take ci."

Suka mai da Bilki ɗakin Inna, kakarta, aka kankare bangon, aka toshe rufi, aka fasa taga. Tarin ya yi sauƙi, duk da bai tafi gaba ɗaya ba.

Ranar da Badaru ya ɗora buhunan a amalanke ya ce zai binne, Naja'atu ta yafa mayafi ta bi shi a baya. Ba ta bar bakin ramin ba sai da ya tura ƙasa a kan na ƙarshe.