Randar Inna Yelwa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidansu Dijatu a Azare da tsakar rana ya san randar Inna Yelwa. Tana nan gindin dalbejiya, rabinta a binne cikin yashi, da moɗa a kan murfi. Masu tallan nono, 'yan acaɓa, 'yan makaranta, kowa ya sha ya wuce. Da Inna za ta rasu, wasiyya ɗaya ta bar wa 'yarta Dijatu: kada randar nan ta wuni ba ruwa, don ladanta ne zai riƙa iske ta a kabari. Dijatu kuwa in ta riƙe magana, sai dai a gaji a ƙyale ta.

A shekarun da wayar salula ta fara cika gari, aka shirya baje kolin kayan gargajiya na ƙasar Katagum a zauren wata makaranta. Malam Abdulrashid, wanda ya haɗa taron, ya zo da kansa neman aron randar. Ya ce ginin tsofaffin maginan garin Shira ce, irinta ta yi wuya. Ya yi ta koɗa ta har kan Dijatu ya fasu, ta yarda.

Ranar buɗewa ta ci ado ta tafi. Ga akusa, ga masaƙa, ga ƙoren Fulani masu zane, ga mai ɗaukar bidiyo yana ja da baya yana taka ƙafafun mutane. Can ta hango randar a kan dakali, an kewaye ta da igiya, an jingina kwali wai kada a taɓa. Ta leƙa ciki ta gan ta a bushe ƙamas. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ita ce ta bar uwarta da ƙishirwa.

Ba ta tsaya neman izini ba. Ta fita titi ta tare mai kurar ruwa, ta tasa shi gaba har zauren, ta ɗage igiyar, ya juye jarkoki. Malam Abdulrashid ya taho yana haɗa gumi, ya ce kayan tarihi ne, ga manyan baƙi suna hanya.

"Malam, randa na ara maka, ban ara maka ladan Inna ba," in ji ta. "Ko a sha a nan, ko in sa a ɗauke mini abata yanzu."

Ya ja gefe. Bazara ce, an ɗauke wuta, fankoki sun tsaya cik, ruwan ledan da aka tanada ya yi zafi kamar shayi. Kafin masu jawabi su gaji da surutu randar ta yi aikinta, ruwan ya yi sanyi. Wata tsohuwar Bafulatana, wadda babu ruwanta da rubutun kwali, ta ɗebi moɗa guda ta shanye. Nan da nan layi ya kai bakin ƙofa.

Malam Abdulrashid ya daɗe yana kallo. Sannan ya kifa kwalin, ya karɓi moɗar, ya tsuguna ya sha. Ya ce wa Dijatu a hankali, tun yana firamare ba takalmi yake shan ruwan randar nan, shi ya sa ya nace sai ita.

"Allah Ya jiƙan Inna Yelwa," ya ce.

Mutanen layi suka amsa da amin, har da waɗanda ba su santa ba. Dijatu ta share ido da gefen mayafi, ta ce wa mai ruwa gobe ya zo da wuri.