Kaboyi a Falon Hajiya Batulu

Babu mahalukin da talla ta taɓa koya wa shan sigari. Mai hankali shi ke zaɓar wa kansa, ita talla iyakarta ta nuna masa kwalin da zai ɗauka. Matsayar binciken digiri na uku ke nan da Aminullahi ke rubutawa a Manchester, kuma ran Asabar ya taso daga ɗakinsa na Ardwick, ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham don ya ji tabbacinta daga bakin kawunsa.

Kawun, Alhaji Salihu, akanta ne da ya yi ritaya a Sparkhill. Tun yana saurayi a Kano yake busa hayaƙi, har bara da likitansa ya nuna masa hoton huhunsa, ya ce ko ya bari ko ya fara sallama da jikoki. Ya bari. Abokansa na masallaci suna ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Matarsa, Hajiya Batulu, ba ta musa musu ba, ko da yake ita ta kwashe ashanar gidan, ita ta cika masa aljihu da kanumfari, ita kuma ta shanye faɗan wata da watanni a kan gishirin miya.

Ta shigo falo da shayi, ta tarar Aminullahi ya warware wata tsohuwar takardar talla a kan kafet, ya danne gefunanta da littattafai. Wani Bature ne a kan doki, da malafa, da sigari a gefen baki, yana duban nesa kamar an ce masa shanunsa sun ɓata amma bai damu ba.

"Kai! Tsohon abokina!" in ji Alhaji, har da gyara tabarau.

"A da, Kawu, sigari mai filta ta mata ce a Amurka," Aminullahi ya fara bayani. "Sai kamfanin sigarin nan ya ɗauko makiyayi ya ɗora a doki. Kafin a ankara maza sun yi mata caa."

"To ba kai ka ce talla ba ta sa kowa ba?" Hajiya ta tambaya.

"Ai dama suna sha, Hajiya. Brand kawai suka canja, wato kwalin da suke saya."

"Su masu hawa dokin fa, suna ina?"

"Wasunsu ciwon huhu ya kashe su. Amma wannan sai a chapter four."

Alhaji bai ji su ba. Hankalinsa ya tafi shagon wani mai aski a Sabon Gari, inda ya fara ganin mutumin nan a cikin mujalla. Ya ba da labarin malafar da ya saya a satin, da yadda yake jingina da bangon silima yana runtse ido ɗaya.

"Kai da ko jaki ka hango sai ka tsallaka titi," in ji Hajiya.

"Jaki daban, doki daban."

Aminullahi ya matso da wayarsa da ke naɗar murya. "Amma Kawu, za ku ce tallar ce ta sa ku?"

"Ni? Ni takarda za ta juya? Ra'ayina ne, yaro. Rubuta haka."

Aminullahi ya washe baki. Ya ce supervisor ɗinsa, mai duba binciken, za ta yi murna. Hajiya kuwa hannun mijinta take kallo. Yatsu biyu sun ɗan buɗe a kan gwiwarsa, kamar suna jiran a saƙala musu wani abu. Rabonta da ganin haka tun kafin azumi.

Ba ta ga laifin Aminullahi ba. Yaron kirki ne, karatu ne kawai ya yi masa yawa. Ta ƙulla masa dambun nama da yaji, ta ce ya riƙa cin abinci a kan lokaci. A bakin ƙofa ya ce ya bar wa Kawu hoton kyauta, tunda ya ga yana sonsa. Ya kama hanyar tasha da hujjarsa a aljihu.

Bayan la'asar Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Can ya miƙe ya ɗauko kwat ɗinsa.

"Bari in leƙa Stratford Road in sayo burodi."

Akwai burodi a kicin, ko buɗe ledarsa ba a yi ba. A waje ana yayyafi, irin mai shiga ƙashi, gwiwar Hajiya kuwa ba ta shiri da sanyi. Hajiya ta zura hijabi, ta lalubo lema a bayan ƙofa.

"Ke kuma ina za ki cikin ruwan nan?"

"Kai ba ka iya zaɓen mai laushi ba."

Ya dube ta. Suka fita tare. Ta bar masa gefen titi, ita ta bi ta gefen shaguna, tana ɗan jan ƙafa.