Giɓin Orest Pawluk

Merle ya tura katin mai hoto a kan tebur, ya jingina da kujera yana jiran yabo. Tsoho Orest ya ɗauka da yatsu biyu, ya kai shi wajen hasken taga, ya duba baya, ya sake duba gaba.

"Kyakkyawan yaro," ya ce. "Ɗan gidan wa ne?"

'Yarsa Darlene ta ajiye kofin gahawarta. "Baba, kai ne mana. Ga sunanka, ga lambar rigarka."

"Sunan nawa ne, lambar ma tawa ce. Amma yaron nan ban san shi ba."

Merle ya daɗe yana buga katunan 'yan wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, a ɗan shagonsa da ke bayan kantin magani. Yawancin masu zuwa wurinsa iyalan tsofaffin 'yan wasa ne, irin waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ƙananan ƙungiyoyi, daga wannan bas zuwa waccan, har suka ajiye sanda ba wanda ya taɓa buga musu kati. Ya ga masu kuka, ya ga masu gardamar cewa ya rage musu ƙwallaye. Wanda ya ƙi hoton kansa kam, yau ya fara gani.

Ranar Asabar za a rataye rigar Orest a rufin filin wasan ƙanƙara na garin don karrama shi, an kuma tanadar masa tebur a bakin ƙofa don ya sa wa yara hannu a kati. Darlene ta ƙwallafa ranta a kan teburin nan. Tun da aka kawo mahaifinta gidan tsofaffi mantuwa take cinsa, wani lokaci ita kanta da sunan ƙanwarsa yake kiranta. Sa hannunsa ne kawai bai gushe ba, yana nan da lanƙwasarsa kamar jiya.

Ta miƙa masa biro. "To gwada ɗaya mu gani."

Ya mayar da hannuwansa ƙarƙashin tebur. "Ni ba na sa hannu a katin wani. A zamaninmu wanda ya yi haka sai ya tarar da takalmansa cike da kumfar aski."

"Baba, don Allah."

"Ku kai wa mai shi. Wataƙila ɗan fim ne."

Darlene ta juya fuska wajen taga. A waje wata mota tana ture ƙanƙara daga wurin ajiye motoci. Merle ya zuba wa tsohon ido. Me mutum yake nema a fuskarsa idan ya manta ta? Ido ne, ko hanci? Orest ya sake jawo katin, kamar abin yana yi masa ƙaiƙayi. Babban yatsansa bai je kan riga ba, bai je kan sanda ba. Bakin yaron yake gogawa, a hankali, kamar mai son kankare datti.

Merle ya ji zafi ya hau kunnuwansa. Ya buɗe jakarsa, ya lalubo ambulan ɗin da Darlene ta kawo masa tun farko.

"Darlene, kin tuna kin ce in gyara hoton ya yi kyau?"

"Na ce ka cire tabon ruwan da ke gefe."

"Na cire. Sai kuma hannu ya zarce." Ya sosa ƙeya. "Aikin hotunan aure ya ɓata ni. Na sa masa haƙora."

Ya zaro tsohon hoton, wanda ya yi ja don daɗewa, ya ajiye kusa da katin. Riga ɗaya, tsayuwa ɗaya. Sai dai a nan yaron ya wage baki yana dariya, saman bakin nan wayam, giɓi kamar ƙofar gareji.

Orest ya sunkuya. Ya daɗe a haka. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ka ga ɗan banza," ya ce, dariya tana sarƙe shi. "Kan sandar wani ƙato ne, a garin Flin Flon. Na tofa haƙoran a safar hannu na miƙa wa koci, na koma ciki. Uwarki ta ce ba za ta auri mai giɓi ba." Ya ɗago ya dubi Darlene sosai. "Ta kuwa aura."

Darlene ta toshe baki da hannu. Sai ta ce wa Merle, "Ka cire haƙoran. Duka."

"Na buga ɗari uku fa."

"Ka raba wa likitocin haƙori."

Merle yana tattara katunan ya ji wani abu ya faɗa ruwa, tsulum. Orest ya cire haƙoransa na roba ya jefa cikin kofin gahawar Darlene, yadda 'yan wasa suke yi kafin su shiga filin ƙanƙara. Ya murza wuya, ya dubi ƙofa.

"Da wa za mu kara yau?"

Darlene ta leƙa kofin, ta tura shi gabansa, ta ajiye biron kusa da shi.

"Sai Asabar, Baba. A gida za mu buga."