Saƙon da Ke Zuwa Wayar Alhaji

Ina tsugune bayan kwalayen kifi ina duba wata wayar lantarki da ta kwance, na ji an turo ƙofa, sannan ƙarar kwaɗo. Ɗantani ne, mai gadin ɗakin sanyin Alhaji Nata'ala da ke Ƙofar Ruwa. Ya ga ƙofa a buɗe, ya rufe, ya tafi masallaci. Na buga, na kira sunansa har muryata ta dushe, amma bangon ɗakin nan an yi shi ne don kada komai ya shiga ko ya fita. Wayata kuma na bar ta a ofis tana caji.

Juma'a ce, kuma a wurin Alhaji idan aka rufe don sallar Juma'a ba a dawowa sai safiyar Asabar. Rigata shara-shara ce ta zafin Kano.

Akwai jan maɓalli a jikin ƙofa saboda irin wannan rana. Na danna. Na san abin da zai faru, domin ni na rubuta manhajar. Na'urar ɗakin lambobi kawai ta iya, aikina shi ne in mayar da kowace lamba zuwa saƙon Hausa da zai sauka a wayar Alhaji. Da farko yadda abu yake haka nake rubuta shi. Sai wata rana yana tsakiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo masa da kalmar "haɗari", ashe batir ne ya ɗan yi ƙasa. Washegari ya kira ni.

"Malam Maharazu, haka ake yi wa babba magana a gidanku? Ko rasuwa aka yi ai cewa ake jiki ya matsa, a zo. Ni mai hawan jini ne, ka tausasa harshen abin nan."

Ban yi musu ba, har wani daɗi na ji wai na koya wa inji ladabi. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya na shafa musu mai. Duk lambar da manhajar ba ta gane ba kuwa, na ba ta amsa guda: "A yi haƙuri, an ɗan samu tangarɗa, za ta daidaita in sha Allahu."

Makon jiya tsohuwar na'urar ta ƙone, aka kawo ta wani kamfani daban, mai nata lambobin. Jan maɓallin da ke aika goma sha biyu yanzu sittin da huɗu yake aikawa, jadawalina kuma bai san sittin da huɗu ba. Gyaran da ya kawo ni ke nan, na ce bari in fara da wayar da ta kwance.

Wato Alhaji yana can gidansa a Shahuci, ya dawo daga masallaci an ajiye masa kwanon abinci, ni kuma ina nan ina aika masa da a yi haƙuri. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk da haka na sake dannawa, na sake, sau tara na ƙirga.

Na yage kwali biyu na naɗe jikina, na riƙa zagaye tsakanin layin kifi, taku shida gaba, shida baya. Yatsuna suka fara zafi, daga baya suka daina, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na tuna matata Bahijja, wadda ta saba in shiga aiki in manta da waya, ba za ta fara nemana ba sai bayan magariba. Tsoro na ji sosai, da haushin kaina wanda ya kusa fin tsoron.

Na jingina da bango na shiga karanto saƙonnin a kaina, su arba'in da ɗaya, ko akwai wanda ya tsira daga ladabina. Na wutar sola, na batir, na ƙofa, duk "babu damuwa" da "in an samu dama a leƙa". Sai na zo kan na zafi. Wannan Alhaji da bakinsa ya ce a bar shi yadda yake: "Sanyi ya tsaya. Kifi zai lalace. A zo yanzu." Kuma shi kaɗai ne na gwada da sabuwar na'urar ran da aka ɗaura ta, na tabbatar yana tafiya.

Ɗan ƙarfen da ke auna sanyi yana rataye kusa da fanka. Na taka kwalaye na janyo shi, na cusa shi a hammata na matse. Kamar an ɗora mini garwashi. Na tsaya a haka a saman kwalaye ina karkarwa, ina roƙon Allah ya sa sauran ɗumin da ke jikina ya isa ya ruɗi inji.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji ƙarar kwaɗo, haske ya shigo, Alhaji ya faɗo ciki babu hula, takalmi wari-wari. Kwalin farko ya fara dafawa, ya ji shi da ƙarfi kamar dutse, sannan ya ɗaga kai ya gan ni.

A waje suka lulluɓe ni da babbar rigarsa, Ɗantani yana ta salati yana murza mini ƙafa. Alhaji ya zauna a gefena, ya miƙo mini wayarsa. Ga saƙonnina tara a jere, duk an buɗe.

"Tun muna cin abinci nake ganinsu," in ji shi a hankali. "Har na ce wa Hajiya, kin ji yaro mai tarbiyya."