Igiyar da Aka Goge

Jirgin maigidana Deraman ba yasasshe ba ne. Ni da hannuna na zare masa toshiya na nutsar da shi.

Kowa a garinmu ya san yadda ake yi. In jirgin katako zai daɗe bai fita teku ba, ba a barinsa a kan yashi, rana za ta tsattsaga shi. Ba a barinsa a ruwan gishiri, tsutsa za ta cinye shi. Sai a ja shi sama cikin kogi inda ruwan daɗi yake, a bar shi ya cika, a ɗaure shi a gindin kwakwa. Katako ya sha ya kumbura, tsutsa ta mutu. Ran da ake so a kwashe ruwan, ya taso abinsa. Sai dai a wannan lungun kogin ne ake yar da matattun jirage, waɗanda masu su suka mutu ko suka koma birni. Igiya ce kawai ke raba mai rai da matacce. Tamu mai ruwan ɗorawa ce, da farar jarka a jikinta tana lilo a kan ruwa.

Na nutsar da shi ne bayan ɓarin jikin Deraman ya shanye. Tun daga nan ni ce gidan. Ina murza kifi da garin sago mai kama da na rogo, ina soya keropok, ƙosan kifin garinmu, a bakin titi, ina yi masa wanka, ina juya shi. Alhamdulillahi, hannun da ya shanye ya fara motsi. Kullum yana matsa lemon tsami a tafinsa don ƙarfi ya dawo. Maganar ta koma kaɗan kaɗan, amma duk Juma'a sai ya kira sunana ya ce, "Jah, kin duba igiya?" In ce na duba. Ya ce, "Iska na wucewa zan fita." Ban taɓa musa masa ba. Wannan jirgin ne ke sa shi cin abinci.

Sai ɗanmu Rosdi ya zo hutu daga birni da wata baƙar jaka. Ya buɗe, ya fito da ɗan jirgin nan mai fukafukai huɗu da ke ɗaukar hoto daga sama.

Na ce, "Wannan zirnaƙon ne aikin da ka bar mana teku dominsa?"

A garinmu uwa ce Mek, uba kuma Ayah. Ya ce, "Mek, zirnaƙon nan ya fi jirgin Ayah kawo abinci."

"To ka ce ya kamo mini kifi, garin sagona na jira."

Ya yi dariya ya fita. Da hantsi na ji abin yana kuka a kan lungun, kajin unguwa duk sun shige ƙarƙashin gidaje.

Bayan azahar ya baje kwamfutarsa a kan teburin da nake murza kifi. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga lungun daga sama, jirage kwance kamar haƙarƙarin saniya a bayan mahauta. Ga namu a tsakiya, rabi a ruwa, koren fentinsa na nan da kyau. Ina kallo ya mayar da ruwan kogin shuɗi, kogin da tun ina yarinya launin shayi ne. Ya kwashe ledoji da robobi. Ya dusashe koren jirginmu, ya ƙara masa duhu a baki har ya yi kama da sauran. Sai ya ɗora 'yar kibiyar nan a kan igiya, ya shafa, ya shafa, ta ɓace. Jarkar ma ta bi ta.

Na ce, "Kai, ina igiyar ubanka?"

"Mek, tana ɓata hoton. Ido sai ya tafi kanta."

"Ai don ido ya tafi kanta aka ɗaura ta."

"Gasa zan shiga da shi. Wa zai ba jarka kyauta? Hoto ne fa kawai, igiyarki na nan a kogi, ba wanda ya taɓa ta."

Na ce ya mayar. Ya sumbaci hannuna mai ƙarnin kifi, ya ce an gama, Hajiya mai kogi. Bai mayar ba.

Hoton ya ci gasar. Daga nan ya shiga wayoyin mutane. 'Yan birni suka yi ta cewa kai, kyau, kai, tausayi. Wasu suka ce abin kunya ne a bar kogi ya zama maƙabartar jirage, ina hukuma take? Hukumar da muka gaji da roƙo ta gyara mana gadar sauke kifi, sai ga shi ta ji kunya.

Wata rana ina tsaka da suya maƙwabciyata ta ƙwala mini kira, ta ce katafila na lungu. Na bar mai a wuta, na ruga da takalmi ɗaya. Na tarar an kwashe matattun da ke baki, an tara su tsibi guda. Katafilar ta riga ta cusa haƙoranta a cikin namu.

Na yi ihu, "Tsaya! Wannan da mai shi!"

Wani mai hular kwano ya tare ni, riƙe da hoton Rosdi an buga shi babba, an zagaye jirage da jan biro. Ya ce, "Baba, ki ja baya. Wanda ke da igiya ba mu taɓa shi. Ga biyu can mun bari."

"To wannan mene ne? Macijiya ce?" Na ɗago masa igiyar har gaban hancinsa.

Ya dubi igiya, ya dubi hoto. "A nan babu ita."

"Ɗana ne ya goge!"

"Kowa haka yake cewa. Da an ji za mu zo sai a ruga a ɗaura igiya, ko za a samu diyya."

"Dubi gansakukan jikinta! Dubi yadda ta ci gindin kwakwar! Jiya ta yi wannan?"

Bai duba ba. Ya ce shi abin da aka ba shi yake bi. Aka ɗaga jirgin cike da ruwa, nauyin ya karya shi gida biyu a sama. Na ga cikin katakon. Fari tas, ba ramin tsutsa ko ɗaya. Na yi aikina daidai.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata kalma ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, don bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, kuma ɗa ɗaya gare ni. Na kwance igiyar daga gindin kwakwa, na naɗe, na kai gida na cusa bayan buhun gari.

Juma'a ta zo, Deraman ya ce, "Kin duba igiya?" Na ce tana nan. Ban yi ƙarya ba.

Na kira Rosdi na faɗa masa. Sai ya ce zai kai musu hoton asali, za su gani. Na ce su gani su yi me, su ɗinke shi? Ya ce zai zo.

Ya zo ɗin, idanu jajaye, da hoton gasar a cikin gilashi. Tun a ƙofa na ce ya mayar da abin nan mota. Ya ce a'a, Ayah ya samu ko na kallo ne, shi zai yi masa bayani a hankali. Ya durƙusa ya ɗora shi a cinyar uban, bayanin ya ƙi fita.

Deraman ya daɗe yana kallo. Bai kula shuɗin ruwan ba. Ya sa yatsan hannun mai lafiya a gindin kwakwar, ya ja shi a kan gilashin har zuwa hancin jirginsa, ya dawo, ya sake ja.

Ya ce, "Wa ya kwance?"

Rosdi ya sunkuyar da kai. Na jira, ko zai buɗe baki. Da na ga ba shi da niyya, na shiga kicin na ɗauko igiyar, da ɗanyen warin kogi a jikinta, na ajiye a kan hoton.

Deraman ya dube ta. Lemon da ke ɗaya hannun ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Na sunkuya zan ɗauko, ya ce, "Bar shi."

Shinkafar da na kai masa da la'asar, yadda na kai ta haka na ɗauke ta.