Ranar da Hajo Ta Hau Dala

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayu na 1999, duk mazan unguwar Sheshe suna zaure sun kewaye rediyo. Gali, malamin firamare, yana shirin fita wajensu sai mahaifiyarsa Hajo ta ƙwala masa kira daga ɗaki.

"Auta, yau ba aiki ko? To Dala za ka kai mu."

Gali ya yi dariya. Da ya ga ta riga ta yafa mayafi ta ɗauko sandarta, sai dariyar ta tsaya.

"Inna, da wannan gwiwar taki? Ki bari a yi albashi in ɗauko tasi mu je gidan zu."

"Ina ruwana da kallon kura a keji? Shekara saba'in ina hango dutsen nan daga tsakar gida, ban taɓa taka shi ba. Ba a biyan ko sisi, ƙafa kawai yake nema."

Baraka, matar Gali, ta zuba zoɓo a jarka ta ƙulle gurasa a leda, ta ce, "Malam, in ba za ka ba, mu mun tafi." Dole ya sa hula ya bi su, 'yarsu Kausar tana gaba tana tsalle.

An yi ruwa da asuba, gari ya yi fes. Suka ratsa lunguna har gindin dutsen. Hajo ta dubi matakalar ta yi bisimilla. Taku goma ta tsaya, taku goma ta zauna. A tsakiyar hanya numfashinta ya soma sarƙewa, Gali ya durƙusa a gabanta.

"Inna, hau in goya ki."

"Ni na goya ka, ba za a juya ba. Matsa."

Sai da suka shafe kusan awa kafin su kai sama. Hajo ta dogara sanda tana kallo. Ga birni shimfiɗe a ƙasa: soraye jajaye, rufin kwano yana ƙyalli, koriyar ƙubbar masallacin Juma'a, can yamma kuma Goron Dutse. Ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe haka muke da yawa," in ji ta.

Kusa da su akwai wasu baƙi, miji da mata daga Jos, suna ta nune-nune sun rasa inda kasuwar Kurmi take. Gali ya soma yi musu bayani, ya nuna wani wuri. Hajo ta ɗaga sanda ta kawar da hannunsa.

"Nan Jakara ce, Auta. Kurmi ga ta can, inda rumfuna suka cushe."

Daga nan ta ɗauko unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, dillalai mata suna kai mata shi ko'ina, suna dawowa da labarin hanyar da suka bi. Ta nuna Shahuci, ta nuna Ƙofar Wambai, ta bi ragowar ganuwa da sanda har Ƙofar Mazugal. Mutane suka fara taruwa. Wani dattijo ya ce, "Wallahi Hajiya ba ta yi kuskure ko ɗaya ba."

Baƙon ya tambayi Gali ko tsohuwar ta yi aikin safiyo ne, na awon filaye. Gali ya gyara hula ya ce, "A'a, mahaifiyata ce. Yau ta fara hawowa."

Kausar ce ta gano gidansu, saboda bishiyar dabinon da ke tsakar gida. Hajo ta daɗe tana kallonsa, ta ce ba ta san ƙarami ne haka ba. Suka zauna a kan dutse suka ci gurasa, ta sa Baraka ta zuba wa baƙin zoɓo.

Wajen saukowa ta yarda ta dafa kafaɗar Gali. Kwana uku ta yi tana shafa man zafi a gwiwa, maƙwabta suna shigowa jin labari. Asabar ta gaba mata shida na layinsu suka shirya da yaransu, suka ce sai Hajo ta raka su. Ta raka su har gindin dutsen, ta zauna a inuwa, ta gaya musu abin da za su duba in sun kai sama.